Ruwan Madara da Ruwan Ido

A watan da muka tare a gidan da muke ciki yanzu, na yi kwana goma sha ɗaya ina yawo da 'yan katuna uku a aljihun gaba. Kowanne bai fi kwalin ashana faɗi ba, an shafa masa fenti a fuska, an rubuta masa suna da lamba a baya. Duk wanda na nuna wa a wurin aiki sai ya jujjuya su, ya miƙo mini, ya ce shi dai abu ɗaya yake gani. Mai fentin da na ɗauka ya gaji da jira, ya kira ni a waya ya ce, "Yallaɓai, ai duk madara ce. Ka nuna ɗaya mu fara, yarana suna zaune ba aiki." Mai ɗakina kuwa kallo ɗaya ta yi musu a bakin taga, ta ɗora yatsa a kan na tsakiya. "Wannan ja yake yi," in ji ta. Na ce ina ta ga ja a jikin madara? Shi ɗin na zaɓa, domin a shagon da na gan shi, ƙarƙashin fararen ƙwayayen lantarki, ya fi 'yan'uwansa kwarjini.

Ranar da aka gama shafi na biyu, na isa gidan bayan la'asar. Rana ta shigo ta tagar yamma, falon ya koma ruwan hoda, tayil ɗin ƙasa kuma, mai ɗan rawaya-rawaya, ya zama tamkar an yi wata ba a goge shi ba. Mai ɗakina ba ta ce uffan ba, kuma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi. Muka sake sayen bokiti biyu, muka sake biyan kuɗin aiki, tarewa ta ƙara mako guda.

Tun daga nan na lura cewa mutane kashi biyu ne a gaban wannan launi, kuma kowane kashi yana da nasa kuskuren. Akwai masu cewa duk ɗaya ne, su nuna wanda hannunsu ya fara taɓawa. Akwai kuma masu ruwan ido, waɗanda za su yi wata suna auna bambancin da ko baƙo ɗaya ba zai taɓa gani ba. Ni na haɗa kuskuren biyu: na ɓata kwanaki ina tunani, sannan na yanke hukunci a wurin da bai dace ba. Ra'ayina shi ne bambancin da ke tsakanin waɗannan launuka gaskiya ne, ya kuma cancanci kwana biyu na gwaji a cikin ɗakin da za a shafa. Abin da ya wuce haka ɓata lokaci ne.

Abin da ke cikin bokitin

Launin da muke magana a kansa yana zaune ne tsakanin fari da ruwan ƙasa. A kasuwa za ka ji ana ce masa ruwan madara, wani ya ce ruwan ƙasa mai haske. Faransawa suna kiran sa beige, kalmar da asalinta ke nufin ulun tumaki da ba a rina ba, kuma daga wurinsu Turanci ya aro ta.

Tushensa farin fenti ne, wanda farinsa ke fitowa daga sinadarin titaniyam. A kan wannan fari ake ɗiga launuka kaɗan: rawaya da ja, waɗanda galibi daga dangin tsatsar ƙarfe suke, irin sinadarin da ya sa jar ƙasarmu ta yi ja, sai kuma ɗan baƙi. Idan ja ya ɗan rinjaya, launin ya karkata zuwa ruwan hoda. Idan rawaya ce, ya karkata zuwa man shanu. Idan rawaya ta haɗu da baƙi mai ɗan yawa, sai ya nufi kore-kore ko ruwan toka. Wannan karkata ita ce ɓoyayyen launi, kuma ita ce mai ɗakina ta hango a bakin taga. A jikin ɗan kati ba ta cika bayyana ba. A jikin bango mai tsawon mita huɗu ba ta da wurin ɓuya, domin launi yana ƙara ƙarfi a ido gwargwadon faɗin wurin da ya rufe.

Sunayen da kamfanoni ke raɗa wa waɗannan launuka na talla ne. Abin da wani kamfani ya kira hauren giwa ba lallai ya yi daidai da hauren giwar wani kamfanin ba. Kama da wane ba ta wane. Abin riƙewa shi ne lamba. Tun 1927 Jamusawa suka fito da tsarin RAL don a daina jayayya kan suna, kuma a cikinsa 1001 ita ce ainihin beige, 1015 kuma hauren giwa mai haske. Wasu kamfanonin suna rubuta wata lamba mai amfani a bayan kati, mai alamar LRV, daga 0 zuwa 100, wadda ke nuna kason hasken da fentin ke mayarwa. Launi mai 70 ya fi mai 55 haskaka ɗaki nesa ba kusa ba, ko da a kati sun yi kama. Ga mutanen da ake ɗauke wa wuta da rana tsaka, wannan lamba ta fi suna muhimmanci.

Ido ba ya ganin launi shi kaɗai

A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke birnin Faris. Ya tarar ana ƙorafi cewa baƙin zaren da sashensa ke rinawa ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika, sai ya ga rinin ba shi da laifi. Launukan da ake saƙawa kusa da baƙin, irin su shuɗi, su ne ke sauya yadda ido ke ganin sa. A 1839 ya wallafa littafi a kan wannan ƙa'ida: duk launuka biyu da suka yi maƙwabtaka, ido yana ƙara girman bambancin da ke tsakaninsu.

Marinan Ƙofar Mata da matan da ke haɗa atamfa da gyale sun san wannan a aikace, ko ba su taɓa jin sunan Chevreul ba. Abin da ya faru a falona ke nan. Tayil mai karkata zuwa rawaya ya tsaya kusa da bango mai karkata zuwa ja, kowanne ya tona asirin ɗan'uwansa: bangon ya ƙara ja, tayil ɗin ya ƙara rawaya har ya yi kama da dauɗa. Launuka masu ƙarfi suna iya jure maƙwabci, domin kore shar kore ne ko me aka ajiye kusa da shi. Ruwan madara ba shi da wannan ƙarfin. Launin da ke cikinsa kaɗan ne, don haka ɗan abu ke juya shi.

Har masana taurari wannan launi ya taɓa ba kunya. A farkon 2002 wasu masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, Karl Glazebrook da Ivan Baldry, suka tattara hasken gungun taurari sama da 200,000 don su fitar da matsakaicin launin sararin samaniya. Suka sanar cewa kore ne mai shuɗi-shuɗi. Bayan 'yan makonni suka janye: manhajar da suka yi amfani da ita ta ɗauki wani fari da ba daidai ba a matsayin ma'auni. Da aka gyara, sai launin ya fito ruwan madara. Darasin a nan ya shafi mai sayen fenti kai tsaye. Abin da idonka zai kira madara ya dogara ga abin da ya ɗauka a matsayin fari, kuma hasken wurin ne ke yanke wannan.

Hasken ɗakinka ba na shago ba ne

Fenti ba shi da hasken kansa, wanda ya sauka a kansa yake mayarwa. Ƙwan lantarki mai lamba 2700K ko 3000K a kwalinsa yana ba da haske mai rawaya, irin na fitilar ƙwai. Mai 6500K fari ne tas, har da ɗan shuɗi, kuma irinsa ya cika shagunanmu. Launuka biyu za su iya zama ɗaya ƙarƙashin wannan ƙwan, su rabu ƙarƙashin wancan. Hoton waya ya fi wannan yaudara, domin kyamara tana gyara launi da kanta, fuskar wayar kuma haske take fitarwa. Wanda ya tura wa mai fenti hoton falon da ya gani a Instagram ya ce a yi masa irinsa, hoton haske ya tura.

Sai kuma rana. Duk wanda ya nemi shawara a intanet zai ci karo da ƙa'idar Turawa: ɗakin da tagarsa ke kallon arewa haskensa mai sanyi ne, don haka a sa masa launi mai ɗumi. Wannan gaskiya ce a Landan, inda rana ke bi ta kudu duk shekara idan ta take tsaka. Kano kuwa tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, ranar tsaka a Kano tana ɗan karkata ne zuwa arewa, sauran watanni ta koma kudu. A yawancin shekara sama take bi, kusa da tsakar ka. Tagogin da suka fi sauya launin ɗaki a wurinmu su ne na gabas da na yamma, musamman na yamma, inda hasken bayan la'asar ke shigowa a kwance, ja-ja, ya hura duk wani ja da ke ɓoye a bango.

Ga kuma abubuwa biyu da littattafan ado na Turai ba sa lissafawa. Na farko, hasken da ke shiga ɗakunanmu sau da yawa ya fara sauka a kan jar ƙasar tsakar gida ko katangar maƙwabci kafin ya shigo, ya ɗebo launinsu. Na biyu, hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana dusashe rana, tana kuma kwanciya a kan komai. Farin bango tas yana nuna ta cikin kwanaki. Ruwan madara mai ɗan duhu yana ɓoye ta, domin kusan launinsu ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa launin ya karɓu a gidajenmu, kuma dalili ne mai kyau.

Gwajin kwana biyu

Gani ya kori ji. Ga abin da na yi a karo na biyu, wanda ya kamata in yi tun farko.

Da fari, a jera katunan a kan farar takarda, a bakin taga, da hantsi. Farar takardar ce ke fallasa ɓoyayyen launi: nan take za ka ga wanda ke ja, wanda ke rawaya, da wanda ke kore. Sannan a kai su kusa da abin da ba za a iya sauyawa ba, wato tayil, ƙofofi, kantar kicin. Duk wanda ya yi faɗa da tayil ya fita daga takara, komai kyansa. Yawanci wannan kaɗai yana rage goma su koma biyu ko uku.

Waɗanda suka rage, a sayi mafi ƙanƙantar gwangwaninsu, ko a roƙi mai shago ya ɗiba kaɗan. A shafa kowanne sau biyu a kan farin kwali mai faɗin kamu biyu ko uku, a bar shi ya bushe sarai, domin ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Kwali ya fi shafawa a bango kai tsaye: tsohon launin bangon ba zai rinjayi ido ba, kuma ana iya ɗaukar sa daga wannan kusurwa zuwa waccan. A duba shi da hantsi, da azahar, da bayan la'asar, da kuma dare ƙarƙashin ƙwan da za a zauna da shi, har da fitilar caji idan ita ce abokiyar hira. A maimaita washegari.

Akwai abubuwan da suka fi zaɓi tsakanin madara da madara tasiri, amma ba a cika tsayawa a kansu ba. Fenti mai sheƙi yana wankuwa, wanda ke da amfani a gidan yara, sai dai yana nuna duk wani tudu da kwarin filasta. Marar sheƙi yana rufa wa bango asiri amma ba ya son goga. Sabuwar filasta tana bukatar kusan mako huɗu ta bushe, in ba haka ba gishirin siminti ya fito ya ɓata kowane launi aka sa. Bokiti biyu masu suna ɗaya, idan ba haɗi ɗaya aka yi musu ba, za su iya ɗan bambanta, don haka a juye su wuri ɗaya a gauraya kafin a fara. Sannan a tsaya a ga yawan ruwan da ake ƙarawa. Fentin da aka tsinka fiye da ƙa'idar da ke jikin bokiti ba zai taɓa ba da launin da ke kan kati ba.

Wa ya kamata ya zaɓa?

A nan al'adarmu ta haifar da wata matsala da ba a cika faɗa ba. Ango ne ke gyara gida ya yi fenti. Iyayen amarya ne ke sayen gado, kujeru da labule. Ɓangarorin biyu suna zaɓen launi ba tare da ɗaya ya ga na ɗaya ba, sai ranar jere a haɗu, a tarar da kujeru ruwan toka sun jingina da bango mai rawaya. Gwaggonni su yi ta gyara zaman labule, alhali matsalar ba a labule take ba.

Tsarin da hankali zai ɗauka shi ne fenti ya zo a ƙarshe. Launukan kujeru da labule da ke kasuwa ƙididdigaggu ne, na fenti kuwa ɗaruruwa ne, kuma shi ya fi sauƙin daidaitawa da sauran. Babu abin kunya idan ango ya aika ƙanwarsa ta karɓo ƙyallen labule da na kujera daga gidan su amarya kafin ya kira mai fenti. Tun ran gini, tun ran zane. Kuma wadda za ta fi kowa daɗewa tana kallon bangon nan, da safe da rana da dare, ita ta fi cancanta a ji ta bakinta. Na koyi wannan da kuɗin bokiti biyu.

Dabino biyu

Bayan duk wannan, sau da yawa launuka biyu ne za su rage, kowanne ya dace da tayil, kowanne ya jure hasken yamma. A nan ruwan ido ke kama mutum, kuma a nan ya kamata a tsaya.

Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo wani misali a littafinsa Tahafut al-Falasifa, yayin da yake jayayya da masana falsafa kan ma'anar nufi. Ya ce a ƙaddara mutum mai tsananin sha'awar dabino, an ajiye masa guda biyu iri ɗaya ta kowace fuska, ba zai iya ɗaukar duka ba. Shin zai zauna har abada yana kallon su don ya rasa dalilin fifita ɗaya? A wurin Ghazali amsar ita ce a'a: zai miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, domin aikin nufi ke nan, rarrabe abu da kwatankwacinsa. Wahalar zaɓi tsakanin abubuwa biyu masu kama da juna tana sa mu zaci al'amarin babba ne. Gaskiyar ita ce kamar da suka yi ita ce shaidar cewa kowanne ka ɗauka ba ka yi asara ba.

Akan kafa hujja a nan da wani gwaji da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000: a wani kanti a Kalifoniya, cikin waɗanda suka tsaya a teburin da aka jera nau'i 6 na jam ɗin shafa wa burodi, kusan kashi 30 cikin ɗari sun saya, a teburin nau'i 24 kuwa kashi 3 kacal. Adalci ya sa a ƙara da cewa wani nazari na 2010 da ya haɗa gwaje-gwaje 50 irin wannan bai tarar da cewa yawan zaɓi yana cutarwa a ko da yaushe ba. Abin da na fahimta shi ne yawa ba ya ruɗa wanda ya san abin da yake nema. Wanda ya shiga shagon fenti da ɓallin tayil ɗinsa a hannu, katuna ɗari ba za su firgita shi ba.

Ƙorafi biyu

Wani zai ce a wannan tsadar rayuwa, zancen bambancin madara da madara zancen ƙoshi ne. Na ga abin akasin haka. Mai hali idan launi bai yi masa ba, sati mai zuwa zai sa a sake. Ma'aikacin da ya tara kuɗin fenti wata da watanni, ko ɗan haya da mai gida ba zai mayar masa da ko kwabo ba, shi zai zauna da kuskurensa shekara huɗu ko biyar. Gwajin da na bayyana bai wuce kuɗin ƙaramin gwangwani da kwali ba. Marar hali ya fi kowa bukatarsa.

Wani kuma zai ce ruwan madara launin tsoro ne, na masu gudun a ce sun yi ƙauyanci, kuma mutanen da suka ƙawata sorayen Zariya da gidajen Birni a Damagaram da zane masu launi bai kamata jikokinsu su ɓuya a bayan bango marar magana ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman idan aka ga unguwa guda, gida bayan gida, ciki da waje, duk launi ɗaya. Sai dai a tuna yadda ɗakin kakanninmu mata yake. Bangon farar ƙasa ake shafa masa, launin kuma yana jikin jere: tasoshi, kwanonin sha masu fure, fayafayai, tabarmi masu rini. Bango mai shiru da kaya masu magana tsohon tsari ne a ƙasar Hausa. Laifin yana zuwa ne idan bango ya yi shiru, kujeru suka yi shiru, labule ma ya yi shiru.

A karo na biyu, katuna biyu suka rage mana bayan gwaji, duka masu karkata zuwa rawaya kamar tayil ɗin. Na fara jujjuya su kamar yadda na saba. Mai ɗakina ta karɓe su, ta kai hannu baya ta cakuɗa, ta ce in nuna hannu ɗaya. Na nuna na dama. Shekara uku ke nan muna zaune da shi, kuma da za a tsare ni a ce in faɗi lambar wanda muka bari, ba zan iya tunawa ba.